Yadda ake rage ciyawa a lambu da sinadaran da ke jikin tsirrai, mataki bayan mataki

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani mai lambu ya ce shi ya gaji da maganin ciyawa na kamfani, ko yana tsoron ragowarsa a jikin kayan lambun da zai kai wa mutane, ko yaransa ne ke shiga lambun, wai ya ji ana feshi da ruwan khal ko man kanumfari, da gaske yana yi? Yana yi. Amma ba irin yadda ake nunawa a bidiyo ba, a fesa yau gobe lambu ya zama fes shi ke nan an gama.

Sinadaran tsirrai da ake yaƙar ciyawa da su kashi biyu ne. Akwai masu ƙona ganyen da suka taɓa, irin su ruwan khal mai ƙarfi, man kanumfari, man kirfa, man ɓawon lemo da felagonik asid. Akwai kuma masu hana irin ciyawa tsira ko su tauye ta tana jaririya, irin su gulutin masara, karan dawa, hatsin rai (wani hatsi dangin alkama) da mastad (wani tsiro dangin kabeji). Babu ko ɗaya a cikinsu da ke bin jikin ciyawa ya gangara har saiwa kamar gilaifoset, maganin ciyawa na kamfani, don haka duk aikin ya koma kan lokaci da tsari, wane za ka fara wane zai biyo baya. Ga yadda ake jera su.

1. Tsuguna ka duba ciyawar tukuna

Kafin ka kashe ko kwabo, shiga lambun ka tuge ciyawa kala-kala ka duba gindinsu. Abu uku kake nema.

Masu faɗin ganye da ke fitowa daga iri duk shekara, kamar zarangade da fasa-ƙaba, su ne waɗannan magunguna suka fi ci, saboda idon da suke toho yana can sama a fili, feshi na sauka a kansa kai tsaye. Masu siririn ganye kamar harƙiya, tuji da ƙarangiya sun fi wuya, idonsu yana ƙasa dab da ƙasa a naɗe cikin kube, sai ganyen ya ƙone ƙurmus amma bayan kwana biyar ka ga sabon kore yana leƙowa daga tsakiya. In ba suna da ganye ɗaya ko biyu ka same su ba sai ka maimaita.

Na uku su ne masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa, aya-aya da 'ya'yanta, kiri-kiri da jijiyarta mai yaɗo, tofa. Waɗannan feshin ruwan khal a wurinsu aski ne kawai, gashi zai dawo. In su suka fi yawa a lambunka to ka karanta mataki na 10 kafin ka sayi komai.

2. Zaɓi abin feshi, ka yi lissafi kafin ka saya

Ruwan khal. Abin da ke aiki a cikinsa asetik asid ne. Na kwalba da ake samu ko'ina kashi 5 cikin 100 ne, yana iya kashe ciyawar da ba ta wuce sati biyu da tsira ba, musamman mai faɗin ganye, in ta wuce haka sai dai ya ɗan ƙona mata gefen ganye. Na aikin lambu yana zuwa da kashi 20 ko 30, shi ne mai cin ciyawa sosai, shi ne kuma mai haɗari.

Man kanumfari. Sinadarinsa yujinol, shi ne kaso mafi yawa a cikin man. Yana fasa ƙwayoyin ganye ruwan ciki ya tsiyaye ganyen ya bushe. Man kirfa ma haka yake aiki. Man ɓawon lemo kuma, wato limonin, narkar da kakin da ke bayan ganye yake yi, rana ta ƙarasa sauran.

Felagonik asid. Asalinsa a jikin furen jeraniyom aka san shi, yanzu ana sarrafa shi daga man tsirrai a sayar a galan da lakabi da komai, akwai Beloukha da Finalsan a Turai, akwai Scythe a Amurka. A ganina cikin masu ƙonawa shi ya fi tabbas, don an riga an haɗa shi yadda zai gauraya da ruwa kuma lakabin ya faɗi awo, ba sai ka yi ta kirdado ba.

Yanzu lissafi, nan ne mutane ke shan mamaki. Tunda sai feshin ya jiƙa ganye sosai, ana cin wajen lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita 100. A hekta ɗaya lita 500 zuwa 700 kenan, kuma in ruwan khal mai kashi 20 ne da ba a sirka ba, to duk wannan litar ta khal ce zalla. Man kanumfari kuwa in za ka sa shi kashi 5 cikin 100 a tankin lita 15, mililita 750 kake buƙata, a tanki ɗaya tak. Je ka tambayi farashin lita ɗaya a inda kake ka ninka, sannan ka sake ninkawa sau biyu ko uku don ba feshi ɗaya za ka yi ba. Za ka ga cewa a babban fili ya fi maganin kamfani tsada nesa ba kusa ba, wani lokacin ma ya fi kuɗin 'yan ƙwadago. Shi ya sa ba a yi wa lambu duka wanka da shi, a kan fangalin shuka ake sa shi, da hanyoyin tsakani, da gindin shinge, wuraren da fartanya ke ɓarna ko ba ta shiga.

Gargaɗi: man darbejiya ba maganin ciyawa ba ne, na ƙwari ne. Haka dafa kanumfari a tukunya a tace a fesa, ƙamshi kawai za ka samu, yujinol ɗin da ke fita a ruwan bai kai ya ƙona ganye ba.

3. Haɗa kayan aiki

Famfon feshi na goyo ko na hannu, na roba, wanda ba a taɓa zuba maganin ciyawa na kamfani a ciki ba. Bakin famfo na roba mai watsa ruwa a baje, ba na tagulla ba don asid yana cin sa. Kofin awo da sirinji babba. Bokiti, sanda ta juyawa, tsumma mai laushi na tata. Sabulun ruwa na wanke kwanuka. Kwali mai faɗi ko gorar roba da aka yanke gindinta. Igiya da tsinke na alama, da tef na awo.

Na kariya kuma ba zaɓi ba ne: tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu ta roba mai kauri, riga mai dogon hannu, takalmin roba, takunkumi. Sai jarkar ruwa mai tsabta a ajiye kusa da inda kake haɗi, a buɗe.

Gargaɗi: asetik asid da ya haura kashi 11 yana ƙona fata kuma yana iya lalata ido har abada. Don an ce daga tsiro yake ba shi ke nufin ba ya cutarwa ba. In ya fallatsa a ido a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti da robar maganin a hannu.

4. Auna famfonka da ruwa zalla

Yawancin mutane tsallake wannan suke, daga baya su ce maganin jabu ne. Auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi ka kafa tsinke. Zuba ruwa zalla lita 10 a tanki, ka fesa filin da irin tafiyar da za ka yi ranar aiki, bakin famfo kamar santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa. Ka gama ka juye ragowar a kofin awo. In lita 3 kawai ta tafi to saurinka ya yi yawa ko bakin famfon ya yi ƙanƙanta, rage tafiya. In lita 10 ta ƙare kafin ka kai ƙarshe kana zubar da kuɗi. Maimaita har hannunka da ƙafarka su saba da lita 5 zuwa 7. Daga nan ka san ko lita nawa za ka haɗa, ba za a bar ka da ragowar da ba ka san inda za ka kai ba.

5. Haɗin

Na ruwan khal. In mai kashi 5 ne kar ka ƙara masa ruwa ko ɗigo, da ma da kyar yake. In mai kashi 20 ne kuma ciyawar ƙanana ce, awo ɗaya na khal awo ɗaya na ruwa ya ba ka kashi 10. Mai kashi 30 kuwa, awo ɗaya da ruwa awo biyu ya zama kashi 10, awo biyu da ruwa awo ɗaya ya zama kashi 20. Ruwa ake fara zubawa a tanki sannan a tsiyaya khal a hankali a kai, a waje inda iska ke kaɗawa, kar ka sunkuya da fuskarka a bakin tankin. A ƙarshe sabulun ruwa ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita, shi ke sa feshin ya kwanta a ganye maimakon ya dunƙule ya gangare. In ka fara sa sabulun kafin ruwa kumfa ce za ta cika maka tanki.

Gargaɗi: kar ka sa gishiri. Na san haɗin khal da gishiri da sabulu ya cika intanet, kuma eh yana kashe ciyawa, amma khal yana ruɓewa a ƙasa cikin 'yan kwanaki gishiri kuwa zama yake, yana taruwa, har wurin ya daina karɓar shuka. Kuma ko da wasa kar khal ya haɗu da bilic, iskar kulorin ce ke tashi.

Na man kanumfari ko kirfa. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, in ka zuba kai tsaye man zai ware ya kwanta a ƙasan tanki don ya ɗan fi ruwa nauyi, farkon feshin mai zai yi yawa na ƙarshe kuma kusan ruwa zalla. Sai ka fara kwaɓa man da sabulun ruwa a kofi, ka ɗiga ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan kana kaɗawa har ya yi fari kamar madara, sannan ka juye a tanki. Fara da mililita 30 zuwa 50 a lita ɗaya. Kana feshi kana girgiza tankin duk bayan 'yan mintuna.

Gargaɗi: man kanumfari yana sumar da kifi, masu kiwon kifi ma da shi suke kwantar da su. Kar ka fesa kusa da kududdufi ko tafkin kifi, kar ka wanke tanki a rafi.

Na ruwan dawa. Wannan shi ne mai araha. A jami'ar aikin gona ta Faisalabad a Pakistan aka fi yin aiki a kansa. Busasshen karan dawa da ganyensa, wanda ya nuna aka girbe, a daddatsa ƙanana, kilo 1 a ruwa lita 10, a jiƙa awa 24, a tace sau biyu da tsumma don kar ya toshe bakin famfo. A yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi tsami, in ana son ajiyewa sai a tafasa ya ƙafe ya yi kauri a riƙa sirkawa. Amma a gane, ruwan dawa ba ya ƙona ciyawa, tauye ta yake ta tsumbure shukarka ta wuce ta. Wanda ya fesa yana jiran ganin ta bushe gobe zai ce ƙarya aka yi masa.

Na kamfani kuwa bi lakabi kawai, kar ka ƙara don ka ga ciyawar ta yi yawa. In kana sayar da kayan lambu da shaidar noman da ba sinadari, tambayi masu ba ka shaidar kafin ka fesa komai, ko wace ƙasa da abin da ta yarda da shi.

6. Gwada a ɗan wuri

Murabba'in mita ɗaya ka fesa, ɗaya a gefensa ka bari. Dawo bayan awa 24, sannan bayan kwana 7. Na kwana 7 ɗin shi ne gaskiya, don a rana ta farko kusan komai yana yin baƙi.

7. Yaudari ciyawar ta fito kafin ka shuka

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, in ka yi shi daidai rabin wahalar kakar ta tafi. Irin ciyawar da zai tsira kusan duka yana cikin santimita 5 na saman ƙasa, wanda ke can ƙasa barci yake sai ka tono shi ya ga haske. To sai ka gyara fangalinka tsaf kamar yau za ka shuka, ka zuba taki, ka baje da manjagara, ka yi ban ruwa sosai, amma kar ka shuka komai. Ci gaba da ba shi ruwa yana da danshi. Cikin kwana 10 zuwa 14 zai yi kore shar da jariran ciyawa masu ganye biyu, in ka tuge ɗaya za ka ga saiwarta fara siririya kamar zare ba ta ma yi reshe ba. A wannan girman ko khal mai kashi 5 zuwa 10 yana gamawa da su. Ka fesa, ka bari kwana ɗaya ko biyu, ka shuka ko ka yi dashe.

Gargaɗi: bayan feshin kar ka sake taɓa ƙasar da fartanya ko manjagara. Ramin iri ko na dashe kawai za ka yi da yatsa ko tsinke. Ka sake juya ƙasar, ka ɗago sabon irin ciyawa, aikin sati biyu ya tashi a banza.

Ga masu karas da albasa ta iri, waɗanda ke jinkirin tsira ciyawa ta riga su, akwai wata dabara. Ka shuka a fangalin da ka riga ka tsabtace, sai ka ɗora ɗan gilashin taga a kan wani ɗan yanki a ƙarshen layi, ka ɗan ɗaga shi da tsakuwa. Ƙarƙashin gilashin ya fi ɗumi don haka karas ɗin wurin zai riga saura fitowa da kwana ɗaya zuwa biyu. Ranar da ka leƙa ka ga ɗan lanƙwasasshen kan karas ya tsaga ƙasa a ƙarƙashin gilashi, ranar za ka fesa sauran fangalin duka, ciyawar da ta fito ta mutu, karas da ke ƙasa bai san an yi ba. In ka yi jinkiri gobe ko jibi ka ga ya fara leƙowa a waje, ajiye famfon, lokaci ya wuce, sai hannu.

8. Ranar feshi

Rana mai haske, zafi daga digiri 21 zuwa sama, babu iska, babu alamar ruwan sama ranar. Ka jira raɓa ta bushe tukuna don tana sirka maganin a kan ganye, wajen hantsi ya fi, rana na gaba tana jiran ta ƙarasa. In da abin yayyafi kake ban ruwa kashe shi sai washegari. Ciyawar da ƙishi ya kama ta yi tauri kakinta ya yi kauri ba ta jin magani sosai, gara ka ba wurin ruwa kwana ɗaya kafin feshi.

Girman da ake so ganye 2 zuwa 4, tsawo bai wuce yatsa ba. Wadda ta kai gwiwa sare ta za ka yi, ka jira sabon toho, shi za ka fesa. Jiƙa ganyen sama da gefe har ya yi sheƙi, ka tsaya kafin ya fara ɗiga ƙasa. Inda feshi bai taɓa ba zai rayu, haka abin yake.

Gargaɗi: maganin bai san tumatir ba bai san ciyawa ba, duk koren da ya taɓa sai ya ƙona. In za ka fesa tsakanin layuka riƙe kwali a gefen shuka, ko ka zura gorar da ka yanke gindinta a bakin famfo ka kifa ta a kan ciyawar kafin ka matsa. Dab da gindin shuka, kamar tafin hannu ɗaya, bar wa hannu. Ƙananan itatuwa masu koren ɓawo ma yana ƙona su.

Ka kula da ƙudan zuma da kwaɗi da tana, in feshin ya sauka a jikinsu yana kashe su, kar ka fesa ciyawar da ke fure zuma na kai. Yara da dabbobi su jira sai ganye ya bushe.

Da ka gama, wanke tankin sau uku, ka harba ruwa zalla ta tiyo da bakin famfo, in ba haka ba asid da mai za su cinye robobin ciki, sati mai zuwa famfon na yoyo a bayanka. Ruwan wankin a zuba a kan hanyar da ka fesa.

9. Bayan dashe, rufe ƙofa

Ka kashe na farko, yanzu sai hana na biyu fitowa. Hanya biyu ce, kana iya haɗa su.

Gulutin masara. Wani gari ne rawaya da ke fita in ana cire sitaci daga masara a masana'anta, furotin ɗinsa wajen kashi 60, naitirojin wajen kashi 10. Nick Christians na jami'ar jihar Ayowa a Amurka ne ya gano yana hana saiwar iri mai tsira kafuwa, ya yi masa rajista a 1991. Ana barbaɗa kamar giram 100 a murabba'in mita, a ɗan yayyafa ruwa ya jiƙa, sannan a bar saman ƙasar ya bushe kwana biyu zuwa uku, a wannan bushewar ce jaririyar ciyawa mara saiwa ke mutuwa. In ruwa ya ci gaba da sauka kullum sai ta farfaɗo, kuma ga taki ka ba ta. Ƙarfinsa sati 4 zuwa 6. Ni dai ba na ɗora masa buri da yawa, wani wurin ya yi kyau wani wurin kamar ba a sa ba, amma a fangalin dashe inda kai ke riƙe da ban ruwa yana taimakawa.

Gargaɗi: dusar masara ko garin masara ba su ne gulutin ba. Kuma kar ka sa shi inda za ka shuka iri kai tsaye cikin sati 6, irinka ma zai hana. Ciyawar da ta riga ta kafu kuwa ƙara mata ƙiba yake.

Rufi da kara. Dawa tana fitar da wani sinadari mai maiƙo ta gashin saiwarta, sogoliyon, karanta da ganyenta ma suna da nasu masu tauye tsiro. Hatsin rai haka, furen rana haka. In ka daddatsa busasshen kara ka shimfiɗa kaurin santimita 7 zuwa 10 tsakanin shuka, ka samu biyu, duhu ya hana iri tsira sinadarin kuma yana tsatsafowa duk ban ruwa. Ƙananan iri ya fi kamawa, shi ya sa ya dace da dashen tumatir, tattasai, kabeji da suka riga suka kama ƙasa, da manyan iri irin wake da kabewa, bai dace da latas da karas da aka shuka yanzu ba. Ka bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakanin rufin da gindin shuka don kar ya ruɓe. Rufi siriri da kana hango ƙasa ta cikinsa ɓata lokaci ne, danshi kawai zai riƙe wa ciyawa.

Gargaɗi: a sama ake barin kara, kar a binne shi ana dab da shuka, yana janye naitirojin yayin ruɓewa ganye ya yi rawaya. Cire zangarniya da duk abin da ke da iri. Kar ka yi rufi da ganyen bishiyar turare ko na goron walnat baƙi, sinadarin juglon da ke cikin walnat yana kashe tumatir, dankali da barkono. Kara ko ciyawar da aka kwaso daga gonar da aka fesa maganin kamfani mai daɗewa ma tana nannaɗe ganyen tumatir da wake, in kana shakka jiƙa kaɗan ka shayar da wake a gwangwani ka gani. Inda gara ke da yawa riƙa ɗaga rufin kana dubawa. In kuma dawar ka shuka da kanka a lambun don rufi, tsare dabbobi daga ƙaramarta da gyauronta, akwai guba a ciki.

10. Masu ajiya a ƙasa

Aya-aya, kiri-kiri da tofa haƙa ake yi, da cokalin haƙa mai yatsu ba da abin da ke daddatsa jijiya ba, don kowane guntu sabuwar ciyawa ce. A tsince a shanya a rana su bushe ƙayau, kar a kai su ramin takin gargajiya. Abin da ya tsere ya toho sai a bi shi da feshi duk kwana 7 zuwa 10, tun yana ganye uku, kafin ya samu ya mayar wa saiwa abincin da ya ci. Ka yi fashin sati uku, ka koma farko. Aya-aya tana huda kara ta fito kamar ba komai, don haka a wurinta sai an fara shimfiɗa kwali mai kauri, gefe ya hau gefe, sannan kara a sama.

11. In fangali ya huta, shuka masa mastad

Tsakanin girbi da shuka ta gaba kar a bar ƙasa tsirara. Watsa irin mastad da kauri, ya rufe wurin da ganye. Da ya fara fure, kafin ya yi iri, a sare shi a daddatsa shi ƙanana sosai, a juya cikin ƙasa nan take, a yi ban ruwa, a danne saman ko a rufe da leda. Dalilin gaggawar, sinadarin gulukosinolet da ke cikin ganyen sai an farfasa shi ya haɗu da ruwa yake zama iska mai yaji, wadda ke kashe ƙananan irin ciyawa da wasu cututtukan ƙasa, kuma tashi take da sauri, in ka sare da safe ka binne da yamma mafi yawa ya bi iska.

Jira aƙalla kwana 14 kafin shuka. In kana so ka tabbatar, ɗebi ƙasar fangalin a kwalba mai murfi, wata kwalbar ka sa ƙasar wani wuri, ka watsa irin latas a kowacce ka rufe. Suka tsira daidai da juna cikin kwana uku zuwa huɗu, shiga ka shuka. Na fangalin ya ƙi ko ya tsumbure, ƙara sati ɗaya.

Gargaɗi: kar ka bi mastad da kabeji ko danginsa, gida ɗaya suke, ƙwari da cututtukansu ɗaya. Sa tumatir, albasa ko wake a wurin, kabeji ya koma wani fangalin.